Yadda Za Ka Haɗa Kan Duniya Kafin Inna Ta Iso

Kai da aka ɗora wa nauyin tsara gidan tarihin haɗin kan ƙasashe da muradun duniya, share guminka ka gyara zama. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci za a buɗe gidan a kan lokaci, a tafa maka, har ka fito a hoto. An gwada su a kan mutum mai rai, wani ma'aikaci da 'yan ofishinsu ke kira Ba-Matsala, don ko gobara ce ta kama kujerarsa abin da zai ce ke nan. Yana nan lafiya lau, wando kawai ya yi asara.

1. Fara da cika baki a gida

Kada ka fara da zanen gini, fara da ɗakin mahaifiyarka. Ba-Matsala ya yi shekara da shekaru yana fita da jaka yana dawowa da jaka, Inna ba ta taɓa gane aikinsa ba. Maƙwabciyarta kuwa ɗanta likita ne, kuma ba ta bari kowa ya manta.

“Auta, wai kai me kake yi ne a ofishin nan?” in ji Inna. “Ita ɗanta allura yake yi, kowa ya gani. Ni in an tambaye ni naka sai in kama tarin ƙarya.”

“Inna, kan duniya nake haɗawa. Ranar buɗewa ki zo ki gani.”

“To, da ita zan zo. Gani ya kori ji.”

Kora daga aiki ba ta ba shi tsoro kamar ya ga Inna ta sunkuyar da kai a gaban matar nan. Kai ma nemi irin wannan tsoron ka ajiye, shi zai riƙa tashinka da safe.

2. Kafa kwamiti, ka ba shi doka mai daɗin ji

Gayyato wakilan ƙasashe gwargwadon kujerun da kake da su. A cikin na Ba-Matsala uku ne suka fi kowa baki: Mai Kwat daga ƙasar sanyi, Mai Tabarau daga ƙasar tsibirai, da wani gajere da ƙasarsa ta ba da fentin ginin, wanda bai taɓa buɗe baki bai ambaci fentin ba.

Sai ka kafa dokar: ko ƙusa ba za a buga a bango ba sai kowa ya yarda, abin da mutum ɗaya ya ƙi kuma a kai shi sito. Za su tafa maka, su ce wannan shi ne adalci. Masu hikima sun ce dokar da kowa ya tafa wa ita ke cin mai ita. Ni na ƙirƙiro masu hikimar, amma sun yi gaskiya.

3. Kashe rigimar kan tebur

Zaman farko ba zai wuce gardamar wa zai zauna a kan tebur ba. Ba-Matsala ya ce ba matsala, ya kira kafinta ya haɗa masa zagayayyen tebur na katako mai nauyin bala'i, a cikin ɗakin taron aka harhaɗa shi aka manne da gam. Kowa ya zauna, ba na sama ba na ƙasa. Kada ka auna ƙofa, zargi ne ga kafinta.

4. Kawo taswirar duniya

Nan daɗin yake. Mai Tabarau ta manna hanci a bango tana neman ƙasarta.

“Ina tsibiranmu? Wannan ɗigon ai kashin ƙuda ne!”

“Mu kuma an miƙe mu kamar an shanya zane,” in ji Mai Kwat.

Taswira ta tafi sito. Aka kawo dunƙulalliyar duniya mai juyawa, sai aka ce wace ƙasa ce za ta fuskanci ƙofa? Ba-Matsala ya sa mata inji ta riƙa juyi ba tsayawa. Mai Fenti ya zauna da agogo, ya rantse tana ƙara gudu in ta zo gefensu. Duniya ma ta bi taswira.

5. Baje muradun ɗaya bayan ɗaya

Na ruwa mai tsafta, kawo famfo. Wani zai ce ana nufin su ne ba su da ruwa. Na kawar da yunwa, kawo faranti. In babu komai a ciki cin fuska ne, in akwai abinci, na wace ƙasa? Na ilimi, kawo allon aji, a shafe wata ana gardamar harshen da za a fara rubutawa.

Na zaman lafiya kuwa Ba-Matsala kurciya ya kawo mai rai, yana ganin ita kam ba ta da abokin gaba. Ta zagaya ɗakin sau biyu, ta zaɓi kafaɗar Mai Kwat ta sauke lalurarta. Aka ɗage zama don a binciki ko turo ta aka yi.

Duk abin da aka ƙi, ka ce ba matsala. Sito zai cika maƙil, zauren baje koli ya zauna fayau, ba komai sai ƙamshin fenti.

6. Sallami masu ɗaukar kaya

Tunda ba abin ɗauka, kwamiti zai yarda baki ɗaya a sallame su. Yi murna, an fara haɗa kai.

Safiyar buɗewa Ba-Matsala ya tsaya a tsakiyar zauren, ya yi tari, bango ya mayar masa. Wayarsa ta yi ƙara.

“Auta, mun taso. Uwar likita ta sa sabon kaya har da turare. Ince ko akwai abin gani?”

“Akwai, Inna.”

Ya kashe wayar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in gorar ke nan gare ka, fafe ta. Ya ruga ɗakin taro, inda wakilai ke shan shayi, ya ce a kai teburin nan zaure a baje shi, shi kaɗai ne abin da ba wanda ya taɓa ƙi. Kowa ya dubi tabon kofinsa a gefensa na katakon, ya ga ashe ƙasarsa za ta fito. Hannaye suka tashi gaba ɗaya.

7. Maƙale a ƙofa

Babu masu ɗaukar kaya, don haka wakilai suka tuɓe kwat suka naɗe hannun riga. Suka kifar da teburin a gefe, suka tura, ya shiga rabi ya ce daga nan ba inda za shi. Rabin duniya na ciki, rabi na waje, kowa na ba da umarni da harshensa. A daidai nan aka buɗe wa jama'a babbar ƙofa, kuma a sahun gaba ga Inna riƙe da hannun uwar likita.

Ba-Matsala ya hango ta tana waige-waige a bangon da ba komai, murmushinta na raguwa. Abin ya soke shi har zuci.

“Akwai matsala!” ya daka tsawa, har Mai Tabarau ta saki kofi. “Kai Mai Kwat, kama ƙasa! Ke, ja! Kai kuma in ka ƙara ambaton fenti sai na shafa maka shi! Ɗaya, biyu, hop!”

Abin mamaki, suka bi. Ya shige ƙarƙashi ya tokare da baya, suka yi nishi ɗaya, teburin ya fito fit, wandonsa ya ce ɓarrr. Wakilai suka zube a kan juna suna ƙyalƙyala dariya, Mai Kwat ya rungume Mai Fenti. Jama'a suka ɗauka shirin ke nan, tafi ya ɓarke, masu hoto na ta walƙiya.

Inna ta zunguri maƙwabciyarta, idonta cike da ƙwalla.

“Kin ga wanda duk suke jin maganarsa? Mai yagaggen wandon nan? Nawa ne.”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likitan baya ba ne, ba tela ba ne. Ciwon ƙugu, fushin wakilai da kashin kurciya duk naka ne, ni ba ruwana. Haka kuma ba ni da alhaki in abin ya karɓu fiye da kima. Teburin Ba-Matsala har yau yana bakin ƙofa, don ba a yarda da inda za a ajiye shi ba. Inna kuma duk mako sai ta zo da sababbin ƙawaye, ta zaunar da su a gaba, ta leƙa ofis ta ce, “Auta, kira mutanenka, baƙina ba su ga ɗagawar ba.”