Kifaye Biyu a Kunnena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je biki Gesheme da kifaye biyu rataye a kunnena ba. Ko na so in manta ma, dangin maigidana ba za su bari ba.

Maigidana Arzika malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Dogondutsi, shi ya sa ake ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a wajenmu. Wata damina ya faɗi da moto, wato babur, a kan hanyar Sukukutane, ƙugunsa ya karye. Ƙashi ya haɗe daga baya, amma tsayuwa gaban allo ta gagare shi, sai zaman gida da sanda. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru ya koma ba ya magana. Ya wuni a ƙarƙashin dogonyaron da ke bayan ɗakin girki yana kallon bango. In na kawo tuwo ya ci loma biyu ya ce alhamdulillahi. Na yi kuka a ɓoye har na gaji.

Wansa, Yaya Tankari, shi ya fitar da shi daga wannan rami. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya daɗe yana aiki a Gaya, bakin kogi, can ya koyi fatsa. Da ya yi ritaya ya koma Gesheme, sai ya ci gaba da jefa ƙugiyarsa a tabki in ruwa ya taru. Wata rana ya zo duba ƙaninsa, ya ciro wani ɗan kifin ƙarya daga aljihu, irin wanda ake ɗaura wa ƙugiya a ja a cikin ruwa, babban kifi ya zaci abinci ne ya kai baki. Fentinsa duk ya kankare. Ya ajiye a cinyar Arzika ya ce idonsa ya yi rauni, ko zai gyara masa? (Daga baya na gane idon Yaya lafiyarsa lau. Aiki ya kawo wa ƙaninsa.)

Daga gyaran ɗaya, sai ga Mushe ya fara sassaƙa nasa. Yakan sa a samo masa itacen dashi, saboda ba shi da nauyi, ya fere da ƴar wuƙa, ya goge har ya yi santsi kamar ƙwai. Ya huda cikin ya cusa ɗan dalma don ya zauna daidai a ruwa. Ya shafa farin fenti, ya bari ya bushe. Ɓawon jikin kifin kuwa da tsohon gidan sauro yake yinsa: ya lulluɓe kifin da ƙyallen, ya dangwala soso a fenti ya dinga taɓawa a hankali, in ya ɗaga sai ka ga layi-layi kamar na karfasa. Ido da kan ashana yake ɗigawa. Jan wuyan kuma, Allah ya sani, jan farcena ne ya ƙare a kansa. Sai man ƙyalli, shafi bisa shafi, ya rataye su a waya ya zauna yana korar ƙuda da mafici kamar mai jiran jinjiri.

Na yi murna da ya dawo cin abinci, wannan gaskiya ne. Amma ina jin kunyar abin. Mu nan Arewar Dogondutsi ba kogi gare mu ba, tabkin ma rabin shekara laka ne. Ga babban mutum da gemu yana gwada kifin itace a bahon wanki yana murmushi. Maganar ta fita unguwa. Wasu suka ce tun faɗuwar nan kansa bai koma daidai ba. Wata tsohuwa ma ta ja ni gefe a wurin suna ta ce in bincika, irin wannan son kifi ba banza ba, wataƙila aljanar nan, doguwar tabki, ce ta taɓa shi. Tun daga nan in baƙi za su shigo, sai in yi sauri in kwashe kayansa in rufe da tabarma.

Da bikin ƴar Yaya Tankari ya matso, aka fitar da anko, kore mai ratsin ruwan zinariya. Ina ɗinki a tsakar gida, shi yana can yana ɗiga wa wani kifi ido, haushi ya taso mini. Na ce masa ya iya yi wa kifi kwalliya, matarsa kuwa za ta shiga cikin mata da ƴan kunnen da ta zo da su gidan aure. Bai yi musu ba. Ya dube ni, ya dubi atamfar da ke hannuna, ya ce in yanko masa ɗan ƙyalle daga ragowar, launin ya burge shi.

To ku faɗa mini, wace mace ce ba za ta yi lissafin da na yi ba?

Ya shiga wani aiki da ban taɓa ganin ya ba wa lokaci haka ba. In na matso sai ya sa hannu ya kare (tsoron ƙura yake yi, ni kuwa na ɗauka ɓoye mini yake). Na daina tambaya, na koma yi masa miyar da yake so.

Mata ne ke fara tafiya biki, maza su biyo ranar ɗaurin aure. Da safen da zan tafi, yana wanka, ina neman allura a kan kantarsa, sai na ci karo da wani gwangwanin shayi. Na buɗe. A cikin auduga ga ƴan kifaye biyu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, iri ɗaya sak. Baya kore, ciki ruwan zinariya, daidai da ankona. Suna ƙyalli kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa. Kowanne da ɗan zoben waya a hanci, wani a ciki, wani a wutsiya, babu ƙugiya ko ɗaya. Hawaye ya cika mini ido. Na ce wayyo bawan Allah, ashe ya ji maganata, kunya ce ta hana shi miƙo mini. Na ce bari in sauƙaƙa masa, in ba shi mamaki ya gan su a kunnena. Na ƙulle su a bakin zane, na mayar da gwangwanin na rufe.

Kafin in shiga tasha na biya wurin maƙerin azurfa a kasuwa na ce ya sa musu maratayi. Ya juya su a tafin hannu, ya tambaye ni ko na tabbata ƴan kunne ne, don bai taɓa ganin ɗan kunne mai zobe a ciki ba. Na ce masa sabon yayi ne, ya yi aikinsa. Har na sa ya rataya ƴan duwatsu a sauran zobban. (Allah ya aiko mini mai gargaɗi, na biya shi kuɗi na yi gaba.)

Ranar ɗaurin aure na ci ado, na ɗaura ɗankwali can sama don kunnuwa su fito. Tsakar gidan Yaya cike da mata, ana ta tuƙa shinkafa a manyan tukwane. Gaskiya sun yi kyau. Duk inda na juya kai sai su kaɗa, rana ta buga, ido ya biyo. Ni kuwa na samu dalilin juya kai fiye da yadda wuyana ya saba.

Akwai wata Hajiya Rakiya, ƙawar uwar amarya, mai fataucin atamfa da kayan ado, wadda in ta yaba abu an gama magana. Ta kira ni ta kama kunnena ta duba, ta ce ta zaga kasuwanni da yawa ba ta ga irinsu ba, daga ina? Mata suka matso suna jira.

Nan ne wurin da har yau nake cizon yatsa. Da na ce maigidana ne ya yi da hannunsa, da komai ya zo da sauƙi. Amma sai na tuna tsohuwar nan da doguwar tabkinta, na tuna bahon wanki. Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Na Dubai ne."

Ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa wani abokin Mushe ne ya kawo, kuma ko a can ma sai an yi oda. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce dama ta faɗa a ranta, aikin Larabawa ba ya ɓuya.

Bayan an shafa fatiha, Yaya Tankari ya shigo cikin gida don ya gai da gwaggonninsa, Arzika na biye da shi yana dogara sanda. Tun daga nesa na ga fuskar maigidana ba daidai ba, kamar wanda bai yi barci ba. Abin da ban sani ba shi ne, kifayen nan na Yaya ne. Arzika ya yi su ne don ya ba shi ranar auren ƴarsa, godiyar abin da ya yi masa, guda biyu don in ciyawa ta cinye ɗaya a samu na canji. Har ya tura masa hotonsu ta waya. Da ya buɗe gwangwani zai sa ƙugiyoyi ya tarar da auduga kawai, ya birkice gidan nan kaf da gurguwar ƙafarsa, har ƙarƙashin gado ya rarrafa. Ya zo Gesheme hannu wofi, ya ba wansa haƙuri ya ce sun ɓata.

Wan miji ba abin wasa ba ne, ko sunansa ba na faɗa a gabansa. Na zo na durƙusa na sunkuyar da kai ina gaishe shi. Sunkuyawar nan ce ta kashe ni, don kifayen suka zubo gaba suna lilo a gaban idonsa. Ya amsa gaisuwar rabi ya tsaya. Ya ranƙwafo ya ƙura ido.

"Arzika," in ji shi, "ba ka ce mani sun ɓace ba? To ga su nan."

Hajiya Rakiya, baiwar Allah, ta so ta taimake ni. Ta ce a'a Alhaji, ai waɗannan na Dubai ne, yanzu ta gama faɗa mana.

Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya ciro wayarsa ya nemo hoton ya miƙa mata. "Dubai ɗin ga," ya ce, "na san ta. Tana bayan ɗakin girkinsu, ƙarƙashin dogonyaro. Ƙoton kama tarwaɗa ne, Hajiya."

Wayar ta fara yawo hannu zuwa hannu. Dariyar ta faro daga wajen masu tuƙa shinkafa, ta zagayo har ɗakin amarya. Wata gwaggo mai nauyin kunne ta ce a maimaita mata, aka maimaita da ƙarfi. Na so ƙasa ta tsage. Na kai hannu in fizge su, zoben wutsiyar ɗaya ya sarƙe da zaren gyalena, na ja, kaina ya karkace gefe ɗaya ya tsaya a nan. Ga ni durƙushe a gaban wan miji, kai a karkace, an kama ni ta kunne.

Sai na ji ƙarar sanda ta faɗi. Arzika ne ya sauko ƙasa a hankali, da wahala, ƙafar nan a miƙe, ya zauna kusa da ni a gaban kowa. Ya ce in tsaya, zan yaga kunnena. Yatsunsa, masu ragowar koren fenti a gefen farce, suka shiga warware zaren ɗaya bayan ɗaya. Ba ya dariya, ba ya kuma fushi. Da ya gama na yi niyyar cire su in miƙa, ya riƙe hannuna ya ɗaga kai.

"Yaya, ka yi haƙuri, in yi maka wasu. Waɗanga sun riga sun yi kamu, kuma tunda nike yi ba su taɓa kama babba kamar yau ba."

Aka sake fashewa, amma dariyar ta sauya, har da masu guɗa. Yaya ya ce ya yafe, da sharaɗin kada in cire su sai an kai amarya. Haka na wuni da su. Duk wadda ta wuce sai ta tambaye ni labarin Larabawa.

A motar komawa Dutsi muna matse a kujerar baya, yana ta kallon waje har muka hau kwalta. Ni na fi son ya yi faɗa. Can ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ɗauka da kinka yi ba ta dame ni ba. Mi ya sa kinka ce Dubai?"

Na rasa ƙaryar da zan ƙara. Na faɗa masa gaskiya: maganar mutane, da tsohuwar nan, da tabarmar da nake rufe kayansa da ita. Ya ce ya san da tabarmar, ai ƙugunsa ne ya karye ba idonsa ba. Ya ce shi ma da farko yana jin kunya, amma ya lura in yana riƙe da buroshi ba ya tuna ciwon, ba ya kuma tuna allon da ya bari. Na sa gyale na rufe fuska na yi ta kuka, wata mata a gefena tana ba ni haƙuri don ta zaci rabuwa da amarya ce. Da muka kusa gari ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, amma dai Hajiya Rakiya da kanta ta yarda aikin Larabawa ne ko? Na ce ta yarda. Ya gyara zama ya ce to madalla. Ina kallonsa ta gefen ido, yana ta ƙoƙarin danne murmushi har muka sauka.

Ya yi wa Yaya wasu biyun, ni na yi gugar itacen, na kuma yi aikin korar ƙuda. Yaya ya ce ɗaya ya kama masa tarwaɗa, ɗayan yana can maƙale a ƙasan tabki. Nawa suna nan, ina sa su wurin suna da biki, in aka tambaya in ce maigidana ya yi. A Gesheme dai har jikoki ba su san ni da wani suna ba sai Ƴar Dubai.

Abin da na koya bai da yawa. In kin ga abu mai kyau a cikin gwangwanin mijinki, ki tambaya kafin ki kai wa maƙeri. In kuma ƙarya ta zame miki dole, ki fara dubawa ko mai hoton yana cikin gidan.