Jan Bajimin Ardo

Ni fa ban yi niyyar tara wa kaina jama'a ba. Shanun laka nake ginawa in yi musu fenti, sha'awa ce tun ƙuruciya, amma a hoto kullum kamar ɓeraye suke fitowa. Sai na gano dabara: in kwanta rub da ciki, in kai waya daidai ƙasa, in bar hasken hantsi ya bugo ta gefe. Ranar ji na yi duk Gobir babu mai ɗaukar hoto sai ni.

Na zaɓo gwanina, jan bajimi mai farin goshi da karyayyen ƙaho. Shaf na manta cewa bajimin maƙwabcinmu Ardo na kwaikwaya, wanda ɓarayi sunka kora bara. Na kafa shi cikin ciyawa bayan gida, na ɗauka, na watsa a guruf ɗin garinmu, har da rubuta "Nawa na kaina."

Kafin azahar sai ga Ardo da ƙannensa biyu, igiya a hannu.

"Malam, wanga sa nawa na. Ina ka ɗaure shi?"

Na shiga ɗaki na fito da shi a tafin hannu. Ardo ya juya shi, ya shafa ƙahon. Sannan ya jefa shi aljihu.

"Ya rame," in ji shi, "amma za ni tahiya da abuna."

Har yau in na shiga kasuwar Isa, dillalan shanu sai su tare ni: "Mai garke, zazzage aljihu mu taya!"