Ruwan Randar Tabawa

A shekarar da aka gano zinare a Kurmin Ɗorawa, yaran unguwar awaki suka fara faɗuwa. Tabawa, akuya mai sayar da nono, ta ga autanta Ilu yana kakkafewa, abinci ba ya zama a cikinsa. Ta goya shi sai wajen Likita Bushiya.

Bushiya ya auna jinin yaron, ya auna ruwan randarta. Ya ce gubar dalma ce, daga dutsen zinaren da kuraye ke niƙawa suna wankewa a bakin rijiyar unguwa. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, tafasawa ma ba ta kore ta. In ba a toshe rijiyar ba, Ilu ba zai ga kaka ba.

Tabawa ta kai kuka fada. Waziri Kura, wanda duk injinan niƙan nasa ne, ya gyara babbar riga ya ce lafiyar talaka ita ce abin da ke hana gwamnati barci. Nan take aka naɗa Raƙumi shugaban kwamitin ɗanɗana ruwa. Raƙumi ya zo, ya leƙa rijiyar, ya ga fuskarsa tas, ya ce shi dai yanzu ba ya jin ƙishi, amma ruwa ya yi kyau.

Aka yi shela Sarki Zaki zai zo da kansa ya tabbatar wa jama'a. Aka share hanya, aka kafa rumfa a ƙofar Tabawa. Sarki ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ko a fada ba a shan irin wannan ruwa, wanda kuwa gaskiya ne.

Tabawa ta tuna ba a ba baƙo ruwa ba. A Kurmin Ɗorawa kuma in baƙo ya ƙi ruwan maraba, ya zagi gida ke nan. Ta shiga, ta cika sabuwar ƙwarya daga randa, ta durƙusa gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, ka sha rana. Ka fara, sai in ba Ilu sauran."

Makaɗan Sarki suka tsaya. Sarki ya karɓa, ya dubi Waziri. Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce yau azumin nafila yake, alhali maiƙon kilishi na bakinsa. Sarki ya kai ƙwaryar har gemu, ya dawo da ita. Tabawa ba ta tashi ba, awaki kuma ba su ƙifta ba.

Can Sarki ya yi gyaran murya.

"Waziri, a toshe rijiyar nan yau, a haƙa musu wata can nesa da injinanka. Wannan ta cika sanyi, za ta sa wa yara mura."

"Allah ya ja zamaninka," in ji Tabawa. "Murar ce ma ta dame mu."