Ranar da Tankin Gagara-Tudu Ya Rufe Ƙofa

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan babi, muna roƙon alƙalami ya daure, domin kayan da za a ɗora masa yau ba na wasa ba ne. Amma ba'adu, wannan shi ne tarihin sadauki Mati, ɗan Nomau mai amalanke, ɗan Jatau mai jakai uku, ɗan Barmo wanda ya taka da ƙafarsa har ƙasar goro ya dawo da tari da takalmi wari ɗaya. Zuri'a mai albarka, wadda tun fil'azal sana'arta ɗaukar kayan mutane, ba ta taɓa kai su a kan lokaci ba, kuma ba a taɓa jin ta ce laifinta ne ba.

Shi Mati, Sarkin Sitiyarin Tungar Kanya, Garkuwan Tasha, Barden Kwalbati, mai wushiryar da ake hange tun daga kwanar kasuwa, Allah Ya hore masa akori-kura guda ɗaya mai suna Gagara-Tudu, fara a takarda, ja a ido, wadda ba ta tashi sai an tura, ba ta tsayawa sai an roƙa. Nasarorinsa a kanta sun cika bakin 'yan tasha. Shi ne ya ɗaure salansa da wayar shanya. Shi ne ya cire sakatar ɗakin kajinsa ya sa wa ƙofar dama. Shi ne kuma, mako uku kafin ranar da muke magana, ya shiga ƙarƙashinta ya gano wani siririn tiyo yana hura warin fetur a banza, wanda a fatawarsa masu ƙera motar suka bari a buɗe don sakaci. Ya zare asuwakin bakinsa ya toshe shi, ya naɗe da robar tayar keke, ya fito ya shaida wa duniya cewa daga yau ko ƙamshin mansa ba wanda zai ƙara shaƙa kyauta. An tafa masa. Ni ma mai wannan rubutu na tafa, Allah Ya yafe mini.

Musabbabin yaƙin kuwa shi ne yayarsa Tabawa, mace mai kaifin ido da dogon riƙo, wadda ta samu jikanta na fari. Bara, ranar bikin 'yarta, wata daga cikin dangin ango 'yan birni ta roƙi ruwa, aka ɗebo mata daga randa, ta kurɓa, ta dubi kofin, ta tambaya a gaban mata ko na shayi ne aka kawo mata. Aka yi dariya aka watse, amma Tabawa ta kwana da maganar shekara guda cur. Tungar Kanya gari ne mai turakun lantarki goma sha ɗaya da babu waya a kan ko ɗaya, saboda haka ta sha alwashin cewa ranar suna, in mutanen nan suka dawo, sai sun sha zoɓon da zai sa haƙoransu rawa. Ta jiƙa zoɓo ganga biyu, ta sa citta da kanumfari, ta ɗaura gyale ta shiga gaban Gagara-Tudu da kanta, suka nufi Funtuwa. A can aka loda musu ƙanƙara dunƙule goma sha biyu, kowane ya kai tsawon turmi, aka binne su cikin garin katako, aka lulluɓe da tamfol. Tafiyar awa biyu ce zuwa gida, hantsi bai gama ɗagawa ba, taron mata kuma sai bayan azahar. Ko jakan Jatau aka ba wa wannan aiki da sun kai.

To, a al'adar sadauki ba ya shiga gidan mai. Wajen 'yan bumburutu yake sayen lita biyu, a ɗura masa da mazurari a hankali, ana hira, shi ya sa tankin bai taɓa samun dalilin bayyana abin da ke ransa ba. Amma ran nan Tabawa ta kafe.

"Ka cika shi yanzu, Mati. Ba zan tsaya a daji ina kallon ƙanƙarata tana hawaye ba."

"An gama, Yaya. Minti biyu ne."

Da wannan kalma mai tarihi rundunar ta karya kwana ta shiga gidan man da ke bakin gari, inda ni ma nake, na huɗu a layi a kan babur ɗina, ina sauri in je sunan nan da aka gayyace ni.

Mati ya sauko cikin sabuwar shadda ruwan toka mai sheƙi, ya kwance tsumman da ke matsayin marfin tanki, ya ba Lawwali mai ba da mai umarni da yatsa ɗaya. Lawwali ya zura bakin famfo ya matsa. Famfo ya yi ƙas, ya tsaya. Ya sake matsawa, ya sake yin ƙas. A karo na uku tankin ya yi wata irin gyatsa daga can ƙasan cikinsa, ya feso fetur ya wanke gaban shaddar tun daga wuya har aljihu. Wannan ita ce kibiyar farko da aka harba, kuma daga cikin ganuwa ta fito.

"Oga, motarka ba ta sha," in ji Lawwali.

"Famfonku ne ba shi da tarbiyya. Shekara tara tana sha."

Aka tura Gagara-Tudu zuwa famfo na biyu, wanda ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa, harafi da harafi.

A nan ne wani dattijo mai faci, Baba Isiya, wanda ke zaune a gindin dalbejiya da famfon iskarsa, ya ɗago kai ya ce, "Direba, iska ce ba ta samun hanyar fita. Duba tiyon numfashinta." Sadauki ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan maganar inji ce, ba ta taya ba." Dattijo ya ce to, ya koma kan tayarsa.

Sai aka kaɗa gangar gwagwarmaya ta biyu, wadda masana tarihi ke kira Ranar Girgiza. Mati ya yi shela, ƙarti shida daga cikin layi suka yi masa mubaya'a, ba don ƙauna ba sai don ya ba su wuri, suka dafa motar uku a dama uku a hagu. "Ku jijjiga ta, mazaje!" Aka shiga jijjiga Gagara-Tudu, tana kuka da kowace gaɓa tata, Tabawa a ciki tana riƙe da ƙofa mai sakata, ƙanƙara a baya tana karo da juna tana tsagewa, garin katako yana zubewa gefe, Lawwali yana bin bakin tankin da famfo yana ɗiga masa abin da ya samu. Da ƙura ta lafa aka duba allo, sai ga ganima: lita ɗaya da 'yan kai, rabinta a ƙasa.

Bai karaya ba, domin karaya tana bukatar mutum ya fara fahimtar halin da yake ciki. Ya ba da umarni aka kawo jak aka ɗaga ɓangaren tankin, wai man ya gangara da kansa. Man bai gangara ba. Abin da ya gangara shi ne ruwa, siriri, mai sanyi, daga kusurwar bayan motar, ya yi hanya a kan siminti har ya iso ƙarƙashin babur ɗina. Tabawa ta leƙo ta taga ta gan shi.

"Mati, mene ne wancan?"

"Gumin ƙanƙara ne, Yaya. Haka take yi in tana hutawa."

Ya aika aka karyo tsumagiyar dalbejiya ya zura a maƙogwaron tankin, ta karye, ya ɓata rabin awa yana fito da guntun da waya. Ya samo tiyo ya zura, ya cika kumatunsa da iska irin ta masu algaita ya busa, tankin ya karɓi busar cikin ladabi, ya ajiye ta ɗan lokaci, sannan ya mayar masa da ita tare da kyautar fetur a ido da hanci. Masu motoci suka danne hon. Wani mai tifa ya ambaci Jatau da jakansa uku ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take tsaka, irin ranar watan bazara da ke narka kwalta, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Daga nan ne sadauki ya yanke shawarar da ta raba wannan tarihi gida biyu. Ya ce zai shiga ƙarƙashin ganuwar da kansa ya ga abokin gaba ido da ido. Amma siminti ya jiƙe da ruwa da mai, shadda kuma, duk da abin da ya same ta a gaba, bayanta sabo ne. Ya waiga neman shimfiɗa, idonsa ya sauka kan tamfol.

"Kada ka taɓa shi," in ji Tabawa.

"Minti biyar, Yaya."

"Ɗazu biyu ka ce."

Ya yaye tamfol ɗin, ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine ya shige, ƙafafunsa kaɗai a waje. Dunƙule goma sha biyu suka yi ido huɗu da rana. Tabawa ta fito ta cire gyalenta ta rufa musu, gyalen da bai rufe ko uku ba, ta tsaya a kansu da kai babu lulluɓi sai ɗankwali, tana kare su da inuwar jikinta. Ban ga abin dariya a wannan ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mati ya yi kusan awa guda a ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙarafa da sifana, yana sanar da mu sunayen cututtukan da motar ba ta da su. Da aka kira azahar, Tabawa ta bar ƙanƙararta ta taka har gindin dalbejiya, ta rusuna.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Ba don shi ba."

Baba Isiya ya goge hannu, ya zo ya tsuguna a gefen motar, ko leƙawa bai yi ba.

"Direba, ɗora hannunka a wuyan tankin. Ka ji wani siririn tiyo a gefensa? Bi shi har ƙarshe. In mai zai shiga, ta nan iskar ciki take fita. Me ka taɓa?"

Mati ya bi tiyon da hannu har ƙarshe. Sannan aka ji gum, ƙarar goshin sadauki da ya zabura ya gamu da ƙarfen ƙasan motar. Sannan aka ji wani dogon huci, fuuu, tankin Gagara-Tudu yana sauke numfashin mako uku.

Ya fito da ja da baya, ƙululu ya tashi a goshinsa ya kai ƙwan agwagwa, hannunsa riƙe da wani ɗan itace naɗe da baƙar roba. Ya ɗaga shi sama domin jama'a su shaida.

"Kun ga aikin maƙiya. Wani ne ya bi dare ya yi mini wannan."

Tabawa ta karɓa, ta warware robar, ta juya itacen a tafin hannunta. Asuwaki ne, an tauna kansa ya yi laushi, sai wani siririn layi a tsakiya da haƙori bai taɓa ba.

"Maƙiyin nan naka yana da wushirya," ta ce, ta sa masa a aljihu.

Lawwali ya zura famfo. Tankin da ya yi awa uku yana tawaye ya buɗe ƙofa ya sha ya ƙoshi cikin minti biyu, daidai yadda sadauki ya yi alkawari tun farko, kuma wannan batu bai bari ya wuce ba tare da ya tunatar da mu ba.

Abin da ya rage na tafiyar ba ya bukatar dogon bayani. Gagara-Tudu ta kama hanyar Tungar Kanya tana yayyafa wa ƙasa ruwa, ni ina biye da ita a kan babur, kuma zan iya shaida cewa ba a taɓa bin hanyar nan ba tare da ƙura ba sai ran nan. Mun isa bayan la'asar. Mata sun cika gida, 'yan birni suna kan tabarmar gaba suna fifita da mayafi, gangunan zoɓo biyu suna jira a inuwar rumfa. Tabawa ta hau bayan motar da kanta, ta zura hannu cikin jiƙaƙƙen garin katako har gwiwar hannu, ta lalube shi kusurwa zuwa kusurwa. Abin da ta fito da shi bai fi sabulun wanka da aka yi sati ana amfani da shi ba.

Aka raba zoɓo yadda yake. Namu na maza aka miƙo mana zaure, na sha, kuma ban yafe ba. Daga cikin gida muka ji muryar matar nan ta bara, a sarari, tana cewa kai, mutanen garin nan akwai son shayi, bana har da ja suka yi.

Mati yana zaune a dakalin ƙofar gida, yana ba wasu dattawa labarin yadda ya gano cutar da ta gagari injiniyoyin Funtuwa, sai ga Tabawa ta fito, idonta ya yi ja, da ɗan guntun ƙanƙarar a bakin zanenta. Ta tsaya a kansa har ya yi shiru. Muka zaci jifa za ta yi. Sai ta kama ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta danna guntun a kan ƙululun goshinsa.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Duk sunan nan kai kaɗai ka ji sanyi."

Ya riƙe. Kafin ya ƙarasa labarin ƙanƙarar ta narke.