Zogale a Gidan Iska

A shekarun da ake cewa Afirka uwa ɗaya ce, ba mai tare ka a Sabha ya tambaye ka takarda. Ina gyaran moto, wato babur, a unguwar Mahdiya, ni Salissou Bagobirin Tibiri. Wata Laraba sai ga Soumana, Bazabarmen da ke ban ruwa a wata gona a Wadi Bawanis, yana turo motonsa, gumi sharkaf.

"...da gajiya, bawana? Kai ka hau shi ko shi ya hau ka?" na ce masa, don Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne.

"Gaida ubangijinka da kyau, mai tsagar fuska kamar kaza ta yi tono. Tari yake, in na ja wuta ya mutu. In ban buɗe ruwa kafin la'asar ba, mai gona ya ce in nemi wani aiki."

Na kwance buji, wato fulogi, na gan shi baƙi ƙirin.

"Man isansi ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Wa ya taɓa karbirata?"

"Ni. Na ɗan juya ƙusar nan."

"Bazabarme da turnabis! Kakanka ko jaki bai iya ɗaurewa ba."

"Kakana ne ya koya wa naka sa wando."

Na wanke jiklar, 'yar kafar da mai ke bi a karbirata, na mayar da ƙusar iska daidai, na taka. Ya tashi, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu. Na kai hannu gidan iska, sai Soumana ya riƙe ni.

"Can lafiya lau yake."

"To me kake ɓoyewa?"

Na buɗe. Ƙullin leda ne ya toshe bakin filtar. Ina kwancewa ƙamshin busasshen zogale ya buge ni, har na ga tsakar gidanmu.

"Inna ce ta aiko daga Dosso," ya ce a hankali. "Mu tara ne a ɗaki. In sun gani, kwana ɗaya ba zai yi ba."

Shekarata huɗu rabona da gida.

"Wato moto ma ka koya masa cin ganye?"

"Ya fi ka sanin daɗi."

Na miƙa masa ledarsa, na rufe gidan iska. Taka ɗaya, injin ya kama sumul. Soumana ya hau, ya yi gaba kaɗan, ya dawo yana dariya, ya juye mini rabin ledar a hula.

"Karɓi, yunwatacce. Ka ci ni yau. Ka sa ƙuli da yawa, kada ka kunyata Inna."