Keken da Ya Ƙi Sakin Ƙafata a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin nan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Istifanus ne ya ja min, wani abokin aikina mutumin Jos. Shi yake shiga gasar nan da ake haɗa wasa uku a jere: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka ɗora da gudu. Ya nuna min bidiyonsa a waya, nan take na ce ni ma na shiga. (Iyon da na iya a lokacin bai wuce na kududdufin unguwa ba, amma bar wannan zancen.)

Ya raka ni wajen masu keken gwanjo. Ya dafa wani madaidaici ya ce, "Ka fara da wannan, in ƙafarka ta saba ka canja." Ina! Idona ya riga ya faɗa kan wani siriri mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. Fedarsa ma ba irin tamu ba ce, da takalminta na musamman, kana takawa sai ta kama shi ƙas, ba ta saki sai ka murɗa diddige gefe. Istifanus ya ce ai wannan sai an koya. Na ce masa ni da keke na yi makaranta. Na haɗa da hular kwano da baƙin gilashi da gajeren wandon 'yan tsere, wanda in ka sa shi babu abin da ya rage maka na sirri.

A lokacin ne kuma nake neman auren Rukayya. Mahaifinta, wani dattijo a Tarauni da ba ya wasa da kamun kai, ya ce a dakata da turo magabata sai ya gama bincike a kaina. Wata guda ina tafiya kamar limami, ko dariya mai ƙarfi na daina yi a titi.

Ranar Asabar ɗin, da sassafe na fito daga unguwarmu Gyadi-Gyadi don kada a gan ni. Na hau, feda ta kama, iska tana kaɗa ni, wallahi ji nake kamar an haife ni a kan keken. Daɗi ya ɗebe ni har Tarauni, na yanke ta wani layi.

Ashe suna ake yi a layin. An shimfiɗa tabarmi har tsakiyar hanya, dattawa zaune ana raba goro, ga Baban Rukayya a tsakiya cikin farar babbar riga.

Kowa ya san ƙa'ida: ka sauka tun daga nesa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Na ja birki. Na ja ƙafa, ta ƙi. Na sake fizga, ta ƙi. Maganar murɗa diddige ta gudu daga kaina tsaf. Keke ya rage gudu, ya rage, ya tsaya cak a bakin tabarma, ni kuma na fara tafiya gefe a hankali, har na samu damar cewa "Salamu alaikum" kafin in kai ƙasa. Na zube kan farantin goro, keken yana manne da ni.

"Subhanallahi! Wane ne wannan?"

"Ko ba shi da lafiya ne?"

Na yi lamo, ina roƙon Allah kada a cire min hula. Baban Rukayya da kansa ya matso, don tausayi, ya kwance ta, ya zare gilashin. Muka haɗa ido.

"A'a," ya ce, "yaron nan ne na Gyadi-Gyadi?"

Da ƙyar dattawa biyu suka zaro ƙafafuna, takalman suka zauna a jikin feda. Na durƙusa da safa, cikin wandon nan, na ce, "Baba, ina kwana?" Ya kau da kai, ya ce, "Lafiya lau." Sai ya zare rawanin da ke kafaɗarsa ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na ɗaura shi kamar zane, na ja keke na bar layin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har hawaye sai da suka zo min.

Na kashe waya, na ce shi ke nan, Rukayya ta wuce ni. Ana nan sai ga ƙanin mahaifinta a ƙofar gidanmu, fuska a ɗaure. Na durƙusa, wannan karon cikin doguwar riga har ƙasa.

"Yaya ya ce ka turo magabatanka," in ji shi. "Ya ce wanda ya yi sallama yana cikin faɗuwa, da tarbiyyarsa." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Amma ya ce in roƙe ka, don Allah, ranar ɗaurin aure ka zo da wando."

Gasar dai har yau ban shiga ba, ina nan ina koyon iyo. Amma duk wanda ya tambaye ni keken da zai fara da shi, ba na yi masa zancen gudu ko rashin nauyi. Cewa nake ya sayi wanda zai iya sauka daga kansa idan ya hango surukinsa.