Yadda Za Ki Rasa Aiki Saboda Layi Ɗaya Na Kostik Soda

"Ba zan goge ba, ranka ya daɗe."

Haka Hamsatu ta ce wa maigidanta Alhaji Sabitu, mai wani kamfanin sabulun ruwa a hanyar Miri a Bauchi, ranar da ya ce ta cire kostik soda daga takardar da ke bayyana sinadaran ruwan wanke banɗakin da suke haɗawa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka sallame ta. Ke ma ki bi sawunta, na yi miki alkawari ba za ki kai wata ba.

Mataki na 1: Kira abu da sunansa

A kamfanin ba a cewa kostik. "Farin gari" ake cewa, don kada masu sabulun kasuwar Wunti su sace sirrin haɗin. Ke ki rubuta sunan gaskiya da yawansa: kashi goma sha biyu cikin ɗari. Ki ƙara da cewa yana cin fata.

Mataki na 2: Mayar da magana

Zai ce, "Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake wannan haɗin."

Hamsatu ta ce, "Alhaji, ai kostik bai san shekarunka ba."

Ki faɗa a durƙushe. Ladabi yana ƙara wa magana zafi.

Mataki na 3: Jure

Za a ɗauke miki fanka. Za a mayar da teburinki gefen durom, inda wari ke sa hawaye. Za a daina amsa gaisuwarki. Ki zo da mafici daga gida. Hamsatu har kujera aka janye mata, a tsaye ta ƙarasa takardar.

Mataki na 4: Manna ta a bango

Da Hausa, daidai inda mata ke dama haɗin. Kafin jibi za su fara tambayar safar hannu.

Mataki na 5: Bari gaskiyarki ta fito a gaban jama'a

Ranar da ruwan ya fantsama a idon Humaira, ɗaya daga cikin masu damawa, Alhaji ya yi ta ihu a shafa mata manja.

"Ruwa kawai, Alhaji!" in ji Hamsatu. Ta tara idon a famfo minti ashirin, ta ɓalle takardar daga bango, ta tare keke napep zuwa asibiti. Nas ta karanta, ba ta yi lalube ba. Ido ya tsira.

Mai gida kan yafe taurin kai. Ki fi shi gaskiya a gaban ma'aikatansa, wannan ba ya yafuwa.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ki, babu ruwana, ba ni na aike ki ba. Amma ga farashin. Wata bakwai ke nan Hamsatu tana zaune a gida da digirinta. Babu mai sabulu a Bauchi da zai ɗauke ta, don Alhaji ya riga ya zagaya da sunanta. Innarta har yau tambaya take, layi ɗaya me zai rage ta da shi.

Humaira tana can bakin durom da safar hannu, tana gani da ido biyu.